Hular Yanyawa

Ni ban taɓa son gaggafar nan ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Da aka kawo ni gidan na tarar da wata a ɗaure bisa kututture a bayan ɗaki. Da ta manyanta aka kai ta duwatsu aka sake ta, aka kamo wannan, amma ni duk ɗaya suke a wurina. Tsuntsuwa ce mai nauyin jinjirin rago, da faratan da ke karya ƙashin bayan yanyawa a matsa ɗaya. Surukina, wanda duk gidan muke kira Ata, ya fi lallaɓa ta fiye da jikokinsa. Yana yi mata waƙa, yana shafa mata ƙirji, in ta yi atishawa ranar babu mai shan shayi da kwanciyar hankali.

Kowa a gidan nan da gaggafa ya tashi. Ata ya koya a wurin mahaifinsa, ya koya wa mijina Yesentai, yanzu kuma ya juyo kan 'ya'yana. Babbar, Baljan, shekararta goma sha uku, kuma ta daɗe tana kora. Ɗan kora shi ne ke shiga ƙasan kwazazzabo yana ihu yana buga bulala a takalmi don yanyawa ta tashi, mai gaggafa kuwa yana can saman dutse yana jira. Bana aka ce Baljan ta isa ta hau sama ta riƙe tsuntsuwar da hannunta. Kora sai ta faɗo kan ƙaninta Tilek, ɗan shekara tara, yaron da in ka ce masa kada ya taɓa wuta sai ya je ya tambayi wutar ko da gaske ne.

Da safen ranar muna zaune muna shan shayi da madara, Ata ya fara tambayoyinsa da ba sa tsufa. Baljan ta haddace su tun ba ta iya ɗaura ɗamara ba, amma shi bai taɓa gajiya ba.

"Me za ki gani kafin ki saki?"

"Kai, ƙafa huɗu, da wutsiya."

"In ɗaya babu fa?"

"Ba na saki."

"Sai kuma me?"

"In san inda kowane mutum yake."

"Wacce ba a taɓawa?"

"Mai ciki da mai shayarwa. In sanyi ya fara janyewa kuma an rataye farauta sai baɗi."

"In gaggafa ta kama?"

"In sauka da sauri in ƙarasa dabbar, kada ta wahala. Huhu na gaggafa ne, fata ta gida."

Tilek ya ce, da gutsuren baursak, soyayyen burodinmu, a baki, "Ni ma na iya duka, Ata. A tambaye ni."

"Kai iya rufe baki in kana tauna tukuna," in ji Baljan.

"Ke kuma iya riƙe gaggafar kada ta ja ki ƙasa, mai hannun kara."

Ata ya miƙe, ya tsayar da yaron a bakin ƙofa ya duba shi daga sama har ƙasa, kamar yadda yake yi wa kowane ɗan kora. Baƙar riga mai kauri, baƙin takalmi, hular ulu mai ruwan toka wadda na saƙa da hannuna. Mazanmu duka hular fatar yanyawa suke sawa, ita ce ado ita ce maganin sanyi, amma ɗan kora ba ya sa ta ko da wasa. Shi yana ƙasa, gaggafa tana sama, an kuma rage mata abinci don ta yi zafin nama. In ta hango jan gashi yana motsi tsakanin duwatsu, ba ta tambayar na waye. Akwai wani dattijo a ƙetaren kogi mai ido ɗaya da tabo har wuya, kuma duk yaran kwarin nan sun san abin da ya sa a ka ranar da abin ya same shi.

Suka hau dawaki suka tafi, Ata a gaba, Baljan a tsakiya da gaggafa a kan safar hannunta ta fatar sa, an rufe wa tsuntsuwar idanu da tomaga, 'yar hular fatar da ke hana ta ganin komai sai an cire. Tilek yana baya a kan ɗan akawalinsa, ya baje ƙirji sai ka ce shi zai ci kasuwar. Yesentai ba ya nan, ya kai garken dawaki makiyaya mai nisa. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwanar dutse, na yi musu addu'a, na koma kan aikina.

Na gama da awaki, na kwaso busasshen kashin shanu na wuta, na shigo ɗaki. Zare nake nema na buɗe babban akwati. A nan nake ajiye sabuwar hular da surukata, Apa, ta ɗinka wa Tilek da fatar yanyawar da ubansa ya kamo bara, ja jawur, mai kunnuwa da dogon baya da ke rufe ƙeya. Mun yi da shi sai ranar bikin sabuwar shekara zai fara sawa. Na ɗaga bargon da na naɗe ta a ciki, babu komai.

Apa tana zaune kusa da murhu tana kaɗi. Na ce, "Apa, ina hular Tilek?"

Ba ta ɗago ba. "Wace hula?"

"Hula nawa gare shi a akwati?"

"Kelin, ba a yi mini magana a tsaye."

Kelin dai na nufin matar ɗa, kuma matar ɗa a gidan nan ba ta ɗaga murya. Shekara goma sha biyar ban taɓa ɗagawa ba. Na durƙusa a gabanta, na kama mazarin na tsayar da shi.

"Don Allah, Apa. Ina take?"

"Yaro kunnensa na ciwo tun shekaranjiya, ke uwarsa ba ki lura ba. Wannan abar da kika saƙa iska ke ratsa ta kamar rariya. Na cusa masa a cikin riga da kakansa ya juya baya. Na ce masa sai an gama, an rufe wa tsuntsuwa ido, a hanyar dawowa zai sa. Ya rantse mini."

"Tilek ya rantse miki?"

"Ya rantse mana. Ni da na yi shekara hamsin da mai gaggafa za ki koya wa…"

Ina ganin lokacin da ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta san jikanta kamar yadda na san shi, yaron da ya kwana uku yana shafa hular nan yana tambaya saura kwana nawa biki. Mazarin ya faɗi daga cinyarta ya gangara ƙarƙashin gado.

Ta ce, "Hau goɗiyar. Hau, me kike jira?"

Ban tuna yadda na ɗaura sirdi ba. Na dai tuna yatsuna sun ƙi kama majanyi, na ja da haƙori. Sawun dawakinsu yana nan sarai a kan dusar ƙanƙara, ya miƙe zuwa kwazazzabon Karasai. Goɗiyar tsohuwa ce, ta saba da jan itace ba da gudu ba, ranar kuwa ta sha bulalar da ba ta yi laifin komai ba. Ina tafe ina lissafi da zuciyata. Su a hankali suke tafiya saboda tsuntsuwar. Sai sun hau dutsen, sai Tilek ya zagaya ta ƙasa. Wataƙila na riske su. Wataƙila ma yaron ya ji magana sau ɗaya a rayuwarsa. Da na faɗa wa kaina wannan sai na ƙara wa goɗiyar bulala.

Akwai abin da ya fi hular tsorata ni, abin da duk gidan muka sani babu mai faɗa. Idon Ata ya fara tafiya. Bara ya gai da dutse a bakin rafi yana zaton maƙwabcinmu ne, muka yi kamar ba mu gani ba. Wa zai ce wa mutumin da gaggafa biyar suka wuce ta hannunsa ba ya gani? Kuma Baljan yarinya ce da ba ta taɓa musa wa kakanta ba. In ya ce tsaya ta tsaya, in ya ce saki ta saki. Ni na rene ta a kan haka, har ina alfahari da ita a gaban matan kwari.

Iska ta taso daga cikin kwazazzabon tana dukan fuskata, hawaye na daskarewa a gefen idona. Inda sawun ya rabu biyu, manyan dawaki sun hau hagu zuwa saman dutse, ƙaramin ya bi dama ta ƙasa. Na bi ƙaramin. A bakin kwazazzabon na tarar da akawalin Tilek a ɗaure a jikin wata ƙaya, don cikin duwatsu ne doki ba ya shiga. A kan ƙahon sirdin kuwa ga hular ulu mai ruwan toka, an rataye ta tsaf, har da gyara mata zama.

Na zame daga kan goɗiyar na faɗi a gwiwa, na tashi.

Na ɗaga kai. Can saman dutsen, inda ya yanke kamar an sare shi, ga mutum biyu a tsaye, sun sauka daga dawaki. Dogon Ata ne, gajeren Baljan. A hannunta gaggafar ta miƙe wuya tana juya kai hagu da dama. Tsuntsuwar da aka rufe wa ido ba ta yin haka. An riga an cire tomaga.

Na kwarma ihu da duk ƙarfina. "Baljan! Rufe ta! Ata! Tilek!" Iskar ta kwashe muryar ta mayar mini da ita baya. Ko ni da ƙyar na ji kaina.

Na shiga cikin duwatsun da gudu, in gudu ne wannan. Ƙanƙara har gwiwa, ƙarƙashinta duwatsu masu santsi. Ba na jin ihun yaron, ba na jin bulalarsa, kuma ɗan kora da ya yi shiru ya bar aikinsa ke nan. Sai can gaba, nisan jifa uku ko fiye, na hango shi. Ba shi na hango ba, hular na hango. Ya ga wani rami a ƙarƙashin dutse ya durƙusa yana rarrafe yana leƙawa, baƙar rigarsa ta saje da inuwar duwatsun, babu abin da ke fitowa sai jan gashin nan yana ɓullowa yana nutsewa, dogon bayan hular yana kaɗawa a iska. Ni da na haife shi, ni da na san abin da nake nema, wallahi da farko yanyawa na gani.

Na sake duban sama. Gaggafar ta gani. Ta daina juya kai, ta tsaya cak, ta sunkuyar da ƙirji. Ata ya ɗaga hannu yana nuna ƙasa da bulala. Ba na jin abin da yake faɗa, amma na san kalmar, na sha jinta a bakinsa. Ya sake nunawa, ya buga ƙafa. Tsuntsuwar ta buɗe fukafukai, faɗinsu ya fi tsawon yarinyar, ta yunƙura.

Na rufe ido. Allah Ya gani na rufe, ni uwarsa, don ba zan iya kallo ba. Da na buɗe, gaggafar ba ta cikin iska. Tana rataye a hannun Baljan, kai ƙasa, igiyar ƙafarta na riƙe da ita, tana dukan iska da dutse da yarinyar gaba ɗaya. Baljan ta faɗi a gwiwa a daidai bakin gaɓar, hannunta ya miƙe waje, tsuntsuwar na janta. Yanzu abu biyu nake tsoro, kuma ƙafa biyu kawai gare ni.

Na zaɓi na ƙasa, don shi nake iya kaiwa. Na faɗi, na tashi, gwiwata ta bugi dutse ban ji ba. Ina gudu ina roƙon yarinyar a zuci, riƙe, 'yata, riƙe, kada ki ji maganar kakanki yau. Kowane taku ina jiran in ji wannan ƙarar da fukafukai ke yi in gaggafa ta dunƙule ta faɗo, kamar ana yaga sabon yadi. Ƙeyata har zafi take yi.

Tilek bai ji zuwana ba sai da na faɗa kansa. Na danne shi a cikin ƙanƙara, na fizge hular har igiyarta ta ƙuje masa haɓa, na cusa ta ƙarƙashin cikina, na kwanta a kansu duka biyu na rufe kaina da hannu.

"Wayyo! Mama? Mama, kin karya ni! Me na yi?"

"Rufe mini baki."

"Akwai rami, Mama, wallahi akwai sawu, kin kore ta…"

"Na ce rufe mini baki, Tilek, ko in haɗiye ka a nan."

Muka zauna a haka. Ina jin zuciyarsa tana bugawa a jikina, ina jin tawa. Babu abin da ya faɗo. Da na yi ƙarfin hali na ɗago kai, na ga Ata ya durƙusa a kan yarinyar ya rungume tsuntsuwar ta baya, ya naɗe mata fukafukai. Ya daɗe yana fama kafin ya mayar mata da tomaga. Sai komai ya lafa.

Hawan dutsen nan da ƙafa ba wasa ba ne, amma ban saki wuyan hannun Tilek ba har muka kai. Ya yi ta ƙunƙuni a hanya, kunnensa na ciwo, na ɓata masa ranarsa ta farko, Apa ce ta ba shi, shi bai yi komai ba. Da muka ɓullo saman ya ga 'yar'uwarsa, bakinsa ya mutu da kansa.

Baljan tana zaune a ƙasa ta jingina da dutse. Fiffike ya fasa mata leɓe, idonta ɗaya ya fara kumbura. Sama da inda safar ta ƙare, hannun rigarta ya yage, jini ya jiƙa shi har gwiwar hannu, don da tsuntsuwar ta juyo sama ta rasa abin kamawa, yarinyar ta kama. Gaggafar kuwa tana zaune a kan safar, idonta a rufe, lafiya lau, kamar ba ita ba.

Ata yana tsaye, bulalar na lilo a hannunsa. Bai dube ni ba. Na zaro hular daga cikin rigata na jefa a gabansa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kawo ta kusa da fuskarsa, ya juya ta, ya shafa ɗinkin, ɗinkin matarsa. Sannan ya dubi kan Tilek da ke tsaye babu hula, gashinsa cike da ƙanƙara.

Ya ce, "Na ga yanyawa." Muryarsa ta zama ta wani tsoho da ban sani ba. "Kelin, na ga yanyawa. Na ce mata ta saki. Har zaginta na yi."

Ya nemi dutse ya zauna, ya ɗora hular a gwiwarsa ya riƙe ta da hannu biyu.

Na durƙusa gaban Baljan, na yage gefen ɗankwalina na fara ɗaure mata hannun.

"Kin gane shi, ko? Kin gane Tilek ne."

Ta girgiza kai. "A'a, Mama. Ni ma yanyawa na gani."

Hannuna ya tsaya.

"To me ya hana ki?"

"Ban ga ƙafa ba. Kuma na duba ko'ina ban ga inda Tilek yake ba, ya daina ihu." Ta haɗiye jinin leɓenta. "Na faɗa wa Ata, ya ce yaron yana can baya, in saki kafin ta shige rami."

"Kika ƙi."

Na ce bari in karɓi tsuntsuwar in miƙa wa kakanta don in ga ciwon da kyau. Ni da ban taɓa yarda na taɓa gaggafa ba, na kai hannu zan zare igiyar daga tafinta. Igiyar ba ta tafinta. A ka'ida tsakanin yatsu ake riƙe ta, yadda da an buɗe hannu tsuntsuwa ta tafi, kuma Ata ya sha faɗa cewa wanda ya ɗaura gaggafa a jikinsa a bakin gaɓa yana neman ta tafi da shi ne. Baljan ta naɗe ta a wuyan hannunta, ta sake naɗewa, ta cusa bakin a ƙarƙashi. Ta shige cikin fatar safar har ta yi kanta.

"Wa ya ce ki yi haka? So kike ta jefa ki ƙasa?"

Ta saci kallon kakanta, ta rage murya, amma a saman dutsen nan iskar ta kwanta, kuma kunnen Ata ƙalau yake.

"Da ya yi mini tsawa ta biyu na ji yatsuna sun fara buɗewa da kansu. Na san in ya yi ta uku zan saki, Mama. Shi ya sa na ɗaure."

Na sa farce ina kwance igiyar, ta ƙi. Tilek ya matso ya durƙusa kusa da ni, ba wanda ya kira shi, ya riƙe hannun 'yar'uwarsa daga ƙasa don kada ya motsa.